Hannun da ya ƙi ɗumi a ɗakin wankin ƙoda

Idan za ka raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Legas, ka bar Agege da asuba, tun kafin cunkoson Oshodi ya kankama. Ɗakin da za ku shiga shiru yake. Gadaje a jere, kowanne da na'urarsa a gefe, jini yana fita ta siraran robobi yana komawa. Kimanin awa 4 mutum zai yi a kwance. Wasu na jan carbi, wasu barci ya kwashe su.

Ni dai hannayensu nake so ka duba. Za ka ga jijiya ta kumbura a wuyan hannu ko wajen gwiwar hannu. Likita ne ya haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, don a samu wurin soka allura. Fistula suke ce mata, amma kada sunan ya ruɗe ka, ba ta da alaƙa da yoyon fitsari. A Amurka aka fito da dabarar a 1966. Ka nemi izini ka ɗora yatsa, za ka ji tana ɓari kamar waya na ƙugi a aljihu.

A gadon kusa da taga na ga wata dattijuwa ta cusa hannunta cikin safar ƙafa. 'Yarta ta ce ai sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. To, me ya sa hannu ɗaya kawai? Jini kamar ruwa yake, hanya mai sauƙi yake bi. Wani lokaci sai ya riƙa kwarara ta mahaɗar ya koma zuciya, yatsu su rasa rabonsu. Satar jini ke nan a bakin likitoci. Hannu ya yi sanyi, ya mutu, ya yi zogi musamman lokacin wanki, daga baya gyambo ya fito a kan yatsa. An fi ganin haka ga masu ciwon suga da tsofaffi, da waɗanda aka yi wa mahaɗar a gwiwar hannu.

Da yawa suna ɓoyewa don tsoron a rufe musu fistula bayan kuɗin da suka kashe. Alhali rufewa ba ita ce farkon zaɓi ba. Likitan jijiyoyi yakan fara duba ko wata jijiya ce ta toshe a sama, ya buɗe ta. Yana iya tsuke mahaɗar don jinin da ke bi ya ragu, ko ya ɗauko jijiya daga ƙafa ya yi wa jini sabuwar hanya zuwa yatsu. Sai hannu ya kai ga halaka ake ɗaure ta gaba ɗaya. Idan kuwa zafi mai tsanani ko kasa motsa yatsu ya zo jim kaɗan bayan tiyata, a ranar za ku koma.

Kafin mu fito, 'yar ta cire safar ta kira nas.