Ji Bayan Gani Ya Gagara

A ƙarshen watan Maris na 1985, gidan talabijin na BBC da ke Ingila ya nuna kashi na ƙarshe na zangon wannan shekara na Doctor Who, wasan ƙagen kimiyya da aka fara tun ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jarumin wasan, wanda ake kira Dakta kawai, baƙo ne daga wata duniya, mai ratsa zamunna da sararin samaniya a cikin wani shuɗin akwati mai siffar rumfar wayar ƴan sanda. A ƙarshen wannan kashi ya juya ga abokiyar tafiyarsa, Peri, zai faɗa mata inda zai kai ta shan iska, sai hoton ya tsaya cak kafin sunan wurin ya fito daga bakinsa. Sunan shi ne Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku, inda aka shirya ɗaukar labari na gaba. An datse kalmar ne domin tun a watan Fabrairu shugabannin gidan sun yanke shawarar dakatar da wasan. Ya yi kimanin wata 18 ba a gan shi ba, kuma da ya dawo a 1986, an riga an jingine duk labaran da aka tanada, an rubuta sababbi.

Wannan wasa ya yi asara iri biyu, kuma ya kamata a rarrabe su. Ta farko ita ce ta kashe-kashen da aka ɗauka, aka nuna, daga baya gidan ya shafe su don ya sake amfani da kaset, kamar yadda aka saba a shekarun 1960 da 1970. Irin waɗannan akan dace a tsince su a wata uwa duniya. A 2013 aka sanar cewa an gano guda 9 na shekarun 1967 da 1968 a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, inda gwangwanayen fim ɗin suka kwana shekaru aru-aru. Sauran da ba a gano ba kuwa, sautinsu ya tsira, albarkacin ƴan kallo da suka riƙa ɗaukarsa a gidajensu a daren da aka nuna shi. Asara ta biyu ta fi zurfi, domin ta shafi labaran da ba a taɓa ɗauka ba: wasu an rubuta su tsaf, wasu ƴan shafuka ne na shawara, duk suka ƙare a aljihun tebur. Babu ɗakin ajiyar da za a buɗe a same su. In ana son su, sai dai a yi su.

Aikin da kamfanin Big Finish ya ɗauka ke nan. Tun 1999 yake shirya wasannin saurare na Doctor Who da izinin BBC, yana gayyato ƴan wasan asali su sake hawa matsayinsu. A watan Nuwamba na 2009 ya buɗe jerin da ya kira The Lost Stories, wato labaran da suka ɓata, kuma ya fara da labarin Blackpool ɗin nan, The Nightmare Fair, na Graham Williams. Colin Baker da Nicola Bryant, waɗanda aka katse wa tafiya a 1985, su ne suka ƙarasa ta bayan shekara 24.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya yi abin da gani ba zai iya ba. Lokacin dakatarwar Baker yana da shekara 41. Lokacin da faifan ya fito yana da 66. Da kyamara aka kafa masa, da furfura ta tona asiri tun kafin ya buɗe baki. Murya kuwa takan jinkirta tsufa, kuma kunne mai afuwa ne: da zarar ya gane mai magana, sai zuciya ta ɗauko fuskarsa ta dā ta ɗora a kai. Bugu da ƙari, abin da ya sha kashe irin waɗannan labarai shi ne tsada. Gina birni ko cika fage da mayaƙa yakan fi ƙarfin kasafin talabijin na wancan zamani, alhali a wasan saurare ƙarar ƙofa da amon taro sun isa, mai sauraro ya gina sauran da kansa, yadda yaro yakan ga dodo sarai a tatsuniyar kakarsa cikin duhu.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a Farewell, Great Macedon. Moris Farhi, marubuci haifaffen Ankara da ya zauna a Ingila, shi ya rubuta shi a 1964, kashi shida, a kan kwanakin ƙarshe na Iskandar sarkin Makidoniya a birnin Babila, shekara 323 kafin haihuwar Annabi Isa. Dakta da abokan tafiyarsa sun sauka a fadar sarkin ana tsakiyar ƙulla masa makirci, sun shaƙu da shi, sun kuma san abin da tarihi ya riga ya rubuta masa. Rubutun ya jira shekara 46 kafin a ji shi a 2010. Kafin nan William Hartnell, Dakta na farko, ya mutu tun 1975, don haka William Russell da Carole Ann Ford, abokan wasansa tun 1963, suka raba aikin tsakaninsu: suna faɗar nasu, suna ba da labarin sauran, Russell yana aro lafazin Hartnell. Ya haura shekara 80 a lokacin, kuma ba ya ɓoyuwa a muryarsa. Sai labarin bankwana da sarki ya zama har da bankwanar dattijo da abokin aikinsa, abin da Farhi bai rubuta ba, kuma talabijin ɗin 1964 ba zai iya bayarwa ba.

To amma ba duk abin da aka tono ne zinariya ba. Prison in Space, wanda aka jingine a 1968, da Mission to Magnus na zangon da aka soke a 1985, duka sun ginu a kan duniyar da mata ke mulki, cikin raha irin ta zamaninsu wadda da yawa daga masu sauraron yau suka ji ta yi tsami. Shekaru da dama masoya wasan suna jin sunayen nan suna kwaɗayi, rashinsu yana ƙara musu kwarjini. Da aka ji su, sai suka koma matsayinsu na gaskiya: aikin marubuta masu gaggawa, mai kyau da mai rauni. A wasu lokutan ma akan gane cewa editan da ya ƙi labari yana da hujjarsa.

Akwai kuma batun amana. Graham Williams ya mutu a 1990, bai ji abin da aka yi da rubutunsa ba. Duk abin da aka rubuta don ido sai an juya shi ya dace da kunne, a sa wa ɗan wasa kalmomin da za su bayyana abin da ya kamata a gani. Labaran da aka yi niyyar yi bayan rufe wasan a 1989, waɗanda suka fito a 2011 ƙarƙashin kulawar editan wancan lokaci, Andrew Cartmel, yawancinsu tunani ne da ba a kai ga rubutawa ba, sai bayan shekara ashirin aka zauna aka cike su. Saboda haka wanda ya saurare su yana zaton ya koma 1990 ya yaudari kansa. Abin da yake ji haɗuwa ce tsakanin shawarar ƙuruciya da hannun manyanta.

Wannan bai rage wa aikin daraja ba, muddin an kira shi da sunansa. Rubutun wasa alkawari ne tsakanin marubuci da ƴan wasa da jama'a, kuma ba ya cika sai an furta shi. Farhi ya rayu har 2019, ya shaida cikar nasa. Russell ya bi shi a 2024, yana da shekara 99. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba a sami bakin da ya san yadda Hartnell yake jan numfashi kafin ya yi faɗa ba.