Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Tarauni: Ƙasar Da Muke Takawa

Ranar wata Asabar a ƙarshen watan Agusta na fito da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke. Niyyata in je kasuwar Tarauni daga Gyaɗi-Gyaɗi, amma ban yi nisa ba sai wani rami ya tsayar da ni. A wani lungu kusa da titin Kotu ake haƙa shi, ramin masai ne na wani sabon gida, zurfinsa ya wuce tsayin mutum. Na leƙa, sai na ga bangon ramin hawa-hawa, kowane hawa da launinsa. Yawancinmu kullum muna taka ƙasar nan zuwa makaranta, amma ba mu taɓa ganin cikinta ba.

Na yi wa dattijon da ke kula da aikin sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki. Don Allah me ya sa ƙasar nan ta rabu haka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ƙasa ma riguna take sawa. Ta sama mai duhu-duhun nan, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ita ce mai abinci. Ta biyu jigawa ce, diga ba ya shan wuya a kanta. Ta uku jangargari, tana kama hannu. In ka ƙara nitsawa sai ka ji diga ya yi ƙara. To, ka iso marmara."

Abin da Baba ya faɗa a taƙaice, shi ne ake koya muku a darasin aikin gona da na labarin ƙasa. Bari mu bi hawan nan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama.

Can ƙarƙashin Kano akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar kankare, wanda ya yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ruwa da zafi sun daɗe suna cinsa har samansa ya ruɓe ya zama ƙasa. A cikin dutsen akwai ƙarfe. Kun san yadda ƙusa ke yin tsatsa idan ta sha ruwa ta sha iska? Haka ƙarfen nan ya yi, kuma tsatsarsa ce ta rina ƙasarmu ta zama ja. Inda ƙarfen ya taru da yawa, ya jiƙe da damina ya bushe da rani shekara da shekaru, sai ya dunƙule ya zama marmara. Ita ce ta lulluɓe kan Dala da Goron Dutse, kuma daga irin wannan dutse ne mutanen da suka zauna a gindin Dala, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suke narka tama su fitar da ƙarfe.

Jigawar da ke sama kuwa, yawancinta baƙuwa ce. A wani zamani mai nisa, dubban shekaru kafin yau, yankin nan ya fi yanzu bushewa ƙwarai, iskar arewa maso gabas ta riƙa kwaso rairayi tana shimfiɗawa a kan tsohuwar jar ƙasa. Idan kuka yi gabas da Kano za ku ga tuddan rairayin nan sun fi fitowa fili. Daga sunansu ne jihar Jigawa, wadda aka cire daga jihar Kano a 1991, ta samo nata.

Halin jigawa yana da sauƙin ganewa. Ku ɗebi jiƙaƙƙiya ku murza tsakanin yatsu, za ku ji tana ƙaras-ƙaras. Ku dunƙula ta, da kun saki sai ta wargaje. Ƙwayoyinta manya ne, daga milimita 0.05 zuwa milimita 2, alhali ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba. Saboda girman ƙwayoyin akwai ƙofofi a tsakaninsu, don haka ruwa yana shiga da sauri, yana kuma wucewa da sauri. Tana da daɗin noma, fartanya ba ta wahala, saiwa tana samun iska. Aibinta shi ne ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ruɓaɓɓen ganye da ke ba ƙasa ƙarfi, a yawancin gonakin tudu na yankinmu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, domin zafi yana saurin ƙone shi, gara kuma tana cinye abin da ya rage.

Yanayinmu ma yana da hannu a wannan hali. Ruwan da Kano ke samu a shekara yakan kai milimita 800 zuwa 900, wata shekara ya fi, wata ya gaza. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Ruwa mai ƙarfi irin na Agusta yana wanke yumɓu da gishirin abincin shuka daga sama ya kai su ƙasa, shi ya sa hawa na uku a ramin Baba ya fi danƙo. Daga Oktoba kuwa sai ƙasa ta yi wata bakwai tana jiran ruwa. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, inda babu inuwa ko ciyawa ƙasa ta ƙeƙashe ta zama faƙo.

Na yi wa Baba godiya na hau Adaidaita Sahu zuwa Tarauni. A hanya, idan mutum ya lura, zai ga titi yana ɗan hawa yana ɗan gangara, ko da yake ido yana ganin garin a shimfiɗe. Kano tana zaune ne a kan doron tudu, kimanin mita 480 sama da teku. Ruwan arewacin birni yana bin Jakara, na kudanci kuma yana gangarawa zuwa kogin Challawa. Wannan ɗan hawa da gangara shi ke raba ƙasa iri-iri. A kan tudu jigawa ce. A gefen gangare inda ruwa ya kwashe ta sama, sai jangargari da tsakuwa su bayyana. A kwari kuma, inda ruwa ke kwanciya ya sauke lallausar ƙasa, nan ne fadama, baƙar ƙasa mai laka wadda ke riƙe damshi har cikin rani. Manomi yana sa gero da gyaɗa da wake a jigawa, dawa a inda ƙasa ta ɗan fi nauyi, shinkafa da rake da kayan lambu a fadama.

A yau da wuya ka ga gona tsakanin unguwannin nan biyu. Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda Gyaɗi-Gyaɗi ke cikinta kuma hedikwatarta ke Unguwa Uku, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 28 ne, amma a ƙidayar 2006 mutanen cikinta sun haura 200,000. Sai dai duk waɗannan unguwanni a wajen ganuwar birni suke, kuma kafin gari ya faɗaɗa gonaki ne da ƙauyuka. Kukoki da tsamiyoyin da suka rage a wasu lunguna, waɗanda suka girmi gidajen da ke kewaye da su, shaida ne.

Ga tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi: in har jigawa ba ta da ƙarfi, yaya aka yi ta ciyar da babban birni irin Kano ɗaruruwan shekaru? Yaya aka yi, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙasar yankin nan ta ba da gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala ana kaiwa Turai?

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru tun daga wajen 1960 yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne manoma suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin kuwa ciyarwa ce. Da rani jakuna kan shigo birni da itace da hatsi, su koma da mangala cike da toka da sharar gida da kashin dabbobi. Awaki da tumaki suna cin harawa, takinsu ya koma gona. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero, su kuma saiwarsu tana da ƙananan ƙulle-ƙulle masu jawo sinadarin naitirojin daga iska. Ana barin gawo a gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki. Har yau bincike a kan wake bai tsaya ba, cibiyar IITA tana da tasha a titin Sabo Bakin Zuwo inda ake aikin inganta irinsa.

Akwai kuma kyautar hunturu. Ƙurar da ke sa mu tari daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da a da can gindin wani babban tafki ne. Tana ɗauke da sinadarai masu amfani ga shuka, kuma kowace shekara tana yi wa gonakinmu ɗan yayyafin taki. Ƙurar Sahara har tekun Atlantika takan tsallaka ta sauka a Kudancin Amurka.

Ita ƙasar ce kuma ta gina garin. Da jangargari aka yi tubali aka ɗaga ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a wajen ƙarni na 12. Duk inda aka ɗebi ƙasar gini sai rami ya rage, ruwan damina ya cika shi ya zama kududdufi. Kududdufan nan su ne ma'ajiyar ruwan unguwa: suna karɓar ruwan da ya yi yawa, su riƙa sakinsa a hankali cikin ƙasa, rijiyoyi su samu.

Da na sauka a Tarauni, abin da na tarar ya tuna mini da ramin Baba. A bayan kasuwa wani lungu ya cika da ruwa har ƙauri, yara masu zuwa Islamiyya sun riƙe takalmansu a hannu. Kwatar da ke gefe ta toshe da ledar ruwa da robobi. Wata dattijuwa tana kwarfar ruwa daga zaurenta da bokiti, gindin katangar ƙasarta ya jiƙe ya yi duhu. Na ce, "Sannu Inna." Ta ce, "Yauwa ɗan nan. Da can akwai kududdufi a bayanmu, an cike shi an yi gini. Yanzu ruwan gidanmu yake nema."

Mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi ya kai kimanin murabba'in mita 230. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 11,500 ke nan ta sauka a wannan fili, wato jarka 460 mai cin lita 25. In tsakar gida ƙasa ce, jigawa za ta shanye wani kaso mai yawa. In an rufe ko'ina da kwano da siminti, kusan duka titi zai fita, ya haɗu da na maƙwabta. Ruwan da ya gudu a Agusta kuma shi ne wanda rijiya za ta rasa a Afrilu, ranar da za a aike ku neman mai ruwa.

Sharar ma ta canja. Ta zamanin jakuna toka ce da ɓawo da ganye, masu ruɓewa. Ta yanzu a cakuɗe take da leda da batir da fasassun kwalabe, kuma idan aka kai ta gona haka, leda tana hana saiwa tafiya, dabbar da ta haɗiye ta kuma tana iya mutuwa.

Ba sai kun girma za ku iya yin wani abu ba. Ku fara da sanin ƙasar makarantarku. Ku sami kwalba mai haske, ku zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai ku ajiye. Cikin minti 1 rairayi zai kwanta. Bayan sa'o'i kaɗan lallausar ƙasa za ta sauka a kansa. Yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. Ku auna kaurin kowane hawa da rula, ku gwada ƙasar filin ƙwallo da ta gindin bishiya da ta bakin kwata, ku kai wa malamin aikin gona sakamakon.

Bayan haka ku nemi izini ku haƙa ɗan rami a bayan aji, ku riƙa zuba ganye da ɓawon kayan marmari da toka kaɗan, ban da leda, kuna yayyafa ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki, ku sa wa bishiyoyin makaranta. A gida kuma, in ana shirin shafe tsakar gida da siminti, ku roƙi Baba ya bar ko da kusurwa ɗaya, a dasa zogale ko lemo, ruwan indararo ya riƙa sauka a wurin.

Da yamma na biyo ta lungun titin Kotu a hanyar komawa gida. An fara jera bulo a ramin, jar ƙasar da aka fitar tana tsibe a gefe. Baba ya ce gobe mai gini zai zo ya kwashe ta. Na roƙe shi ya ware ta saman nan mai duhu, kada a haɗa ta da sauran. Ya ce ai tun da safe ya cika buhu biyu da ita, zai kai wa shukar barkononsa.