Aladen Kantara da Dokar 1972

Mai karatu, in ka kalli Kantara, fim ɗin Indiya na 2022 da Rishab Shetty ya shirya ya kuma fito a ciki, ka san rigimar jaruminsa da jami'in gandun daji. Shi yana farautar aladen daji, jami'i na cewa doka ta hana. Ni dai ban ga mugu a tsakaninsu ba.

Kada ka ɗauka gadu ne irin na Yankari, wannan jinsi daban ne. Matan kan yi garke da 'ya'yansu, tsohuwa ce a gaba, babban namiji kuwa shi kaɗai yake yawo. Ganinsa ba wani na kirki ba ne, amma hancinsa sai ka ce na kare. Da dare yake fita, ya tone rogo da doya, ya tumurmushe shinkafa. Ciki kuma bai cika wata huɗu ba, ta zubo huɗu zuwa shida. To ka ga yadda manomi zai kwana.

Dokar kare namun daji ta Indiya, ta 1972, ta haramta farautarsa. Amma ta bar ƙofa: gwamnatin tsakiya na iya ayyana shi a matsayin mai ɓarna na wani lokaci, kamar yadda ta yi a wasu yankunan jihar Uttarakhand a 2016. Jihar Kerala ta yi ta roƙon haka ba ta samu ba. A 2022 sai ta ba shugabannin ƙananan hukumomi ikon sa maharba masu lasisi su harbe shi. Ban da guba, ban da nakiya, naman ma ba a ci.

Me ya kawo zancen nakiya? Wasu manoman da suka gaji sukan cusa ta cikin 'ya'yan itace su ajiye a bakin gona. A 2020 wata giwa mai ciki ta ci irin wannan a gundumar Palakkad, bakinta ya dagargaje, ta mutu a tsaye cikin kogi. Duniya ta yi ca, amma giwar aka yi wa kuka. Tarkon kuwa, in ji masu bincike, alade aka ɗana wa.

Inda fim ɗin ya gaza a wurina, bai tsaya kan gonar da aka tone ba. Farautar ta fito kamar nishaɗin samari.