Yamai ko Kano

Da sakamakon bak ya fito a Damagaram, guɗa ba ta daɗe ba a gidan su yarinyar sai gardama ta maye gurbinta. Aikin jarida take so, kowa ya sani tun tana lise. Abin da ya raba kan gidan shi ne inda za ta koyo shi.

Uwa ta ce Kano. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, ga kawunta a can, ga Jami'ar Bayero da ta yi suna wajen horar da ƴan jarida. Uba ya ce Yamai, ko da yake nisanta ya kusa kilomita 900. Bai manta da 2023 ba, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024, iyaye suka yi ta zullumin ƴaƴansu da ke ƙetare. Kuma a Yamai ne makarantar da aka daɗe ana kira IFTIC, wadda ta yaye ma'aikata da dama na Muryar Sahel. Ita kuwa yarinyar, a ranta CESTI ta Dakar take mafarki, amma sai an ci gasar shiga, sannan aljihun ubanta, baduku a kasuwar Dole, bai kai can ba.

Aka kwana biyu ana auna kuɗin makaranta da na haya da darajar takarda. Ba wanda ya tabo maganar harshe, alhali Kano da Ingilishi za ta karantar da ita, Yamai da Faransanci, mutanen da za su saurare ta kuwa akasarinsu ba su jin ko ɗaya.

Wani tsoho maƙwabcinsu, da ya yi shekaru yana karanta labarai a gidan rediyo, shi ya tono zancen. Ya miƙa mata wata sanarwar rigakafin ƙyanda da Faransanci, ya ce: "Ƴata, ga kakarki nan zaune. Faɗa mata abin da ke ciki."

Yarinyar da ta fi kowa maki a Faransanci ta fara, ta tsaya, ta sake. Kalma uku Hausa, ta huɗu ta nasara. Da ta ƙare, tsohuwa ta juya wajen dattijon ta ce: "Malam, mi ta ce?"

Aka yi dariya, ban da ita. Dattijon bai yi mata faɗa ba, don laifin ba nata ba ne ita kaɗai: shekara goma sha uku tana aji, ba a taɓa sa ta rubuta shafi guda da harshen da ta sha a nono ba. Ya dai tuna mata cewa tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kuma Studio Kalangou, da ya soma a 2016, bai tsaya ga Faransanci ba, har da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci.

A ƙarshe Yamai ta tafi, maganar uba ta rinjaya. Amma kafin ta hau mota ta roƙi wani ƙaramin gidan rediyo na garin ya riƙa karɓar ta kowane hutu ba da albashi ba. Abin da suka fara ba ta shi ne sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da cigiyar akuya. Kakarta takan matso da rediyo kusa da kunne, in an gama ta aika a gaya mata inda ta yi sauri.