Ƙwallon kwandon da na sani da wanda ake bugawa yanzu

Na daɗe da daina tashi ƙarfe biyun dare don kallon NBA, amma duk lokacin da na leƙa sai in ga kamar wani wasa ne daban aka sa wa tsohon suna.

A zamaninmu ƙarƙashin kwando ake fama. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ya ja mu. Ya ciyo wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, kuma yakan buga wasa da azumi a bakinsa, abin da ya sa har dattawanmu da ba ruwansu da ƙwallo suka san sunansa. Zai karɓi ƙwallo ya juya wa mai tsaronsa baya, ya yi kamar zai bi dama, ya murɗa hagu, mutum ya tashi sama a banza. Aikin ƙafa ne zalla, irin wanda sai an shekara ana koyo.

Yanzu kowa ya koma bayan layi yana jifan maki uku. A kakar 1994 ƙungiya takan gwada irin wannan jifa kusan sau 10 a wasa, yau ya haura 30. Dokar da aka tsaurara a 2004, wadda ta hana mai tsaro dafa ɗan wasa da hannu, ta buɗe fili. Sai Stephen Curry ya zo ya zura 402 a kaka ɗaya, masu lissafi kuma suka ce ai uku ta fi biyu. Ban musa ba. Da irin wannan jifa ne ma D'Tigers suka doke Amurka 90 da 87 a 2021, kuma ranar na yi murna ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hutar da taurari. Ka hana idonka barci, ka ƙona man janareta, a ce maka wane yana hutu alhali lafiyarsa ƙalau. Michael Jordan yana da shekara 40 ya buga wasanni 82 cif. Sai da hukumar ta kafa sharaɗin wasa 65 kafin a ba mutum manyan kyaututtuka.

Yaran unguwarmu kuwa abin da suke gani shi suke kwaikwayo. Dogon yaro, wanda da a dā ne za a tura shi ƙarƙashin kwando a koya masa juyi, yanzu yana can nesa yana jifa, hannunsa bai ma yi ƙwarin kai ƙwallon ba.