Allurar Icce a Gulbin Kaba

Bayan girbin gero muka bar Maraɗi da sassafe, muka bi ta Cadawa, muka nufi Mayahi. Nan ne Gulbin Kaba ya ratsa, tsohon kwari wanda ruwa ba ya gudana cikinsa sai jefi-jefi, amma danshin ƙasarsa ya raya goruba har ta ba shi suna. Da ganyen 'ya'yanta, wato kaba, ake saƙa tabarma da faifai da igiya.

A wani ƙauye muka iske wani dattijo ƙarƙashin aduwa, da wuƙa da kaskon garwashi gabansa. Muka gaisa, muka tambayi aikinsa.

"Allura nike yi wa mata, 'ya'yana. Ku zauna ku gani."

Ya ɗauki ɗanyen reshen dargaza mai kaurin ƙaramin yatsa, ya ɓare ɓawon, ya fiƙe baki ɗaya, ya baje ɗayan. Sai ya kara shi bisa garwashi yana juyawa, har ruwan jikin iccen ya ɗumama, ya yi laushi. Nan take ya lanƙwasa shi a gwiwa sannu a hankali, ya ɗaure da zaren kaba don ya bushe a haka. Ya ce busasshen icce karyewa yake yi, wanda ya sha wuta da yawa kuwa ya mutu. Bayan kwanaki zai huda kafar da jan ƙarfe, ya goge da tsingaro, ya shafa mai.

Amfanin lanƙwasar muka gani wajen matarsa. Tabarma ba a saƙa ta gaba ɗaya: dogayen saƙa ne masu faɗin tafin hannu ake haɗawa gefe da gefe. Allurar kan shiga ƙarƙashin kaba ta fito da kanta, ba ta tsaga ganye ba.

Sai dai dattijon yana da damuwa. Farin 1973 da na 1984 sun rage itatuwa, kuma in aka yawaita yankan kaba tun tana ƙasa, ba ta tashi ta zama goruba. Ga tabarmar roba ta cika kasuwa, jikokinsa kuma ba mai zama ya koya.

Mun sayi allura biyu da tabarma ɗaya, a kanta muka sallaci la'asar. Iyaye, in kun je kasuwa, ku tuna akwai gidajen da cefanensu ke rataye da wannan ɗan icce. Allah ya albarkaci hannu mai sana'a.