Daga Tamale zuwa Akwatia: inda ake sayen daimon da rariya

Ba a haƙar daimon a Tamale. Garin kaɗanya ne da doya da shinkafa. Amma a kasuwar Aboabo na ji ana labarin samarin da suka tafi kudu neman daimon, kamar duk wanda ya tsinci ƙwaya ɗaya ya yi ban kwana da talauci. Shi ya sa na hau mota, muka bi ta Kintampo da Techiman da Kumasi, har Akwatia da ke kwarin kogin Birim, yankin da aka fara gano daimon a Gana a 1919.

A kasuwar da ake kira Beljiyam, wani dattijo ɗan zango mai sayen daimon ya ba ni wuri kusa da teburinsa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: farar takarda, hantsaki, ƙaramin sikeli, rariya iri-iri, sai madubin da ke ƙara girman abu sau 10. Wani mai haƙa ya kwance ƙullinsa ya zazzage duwatsun. Wallahi da a hanya na gan su, tsakuwa zan ce. Kamar tsakin gero suke, wasu ruwan ƙasa, wasu toka-toka, babu wani ƙyalli.

Dattijon ya fara tankaɗe su, kowane girma gefe guda. Sannan ya ɗauki mai ɗan auki, ya juya ta a hasken taga, ya miƙo mini madubin. Can ciki na ga baƙin ɗigo da wata tsaga da ta ratsa kusan rabinta. Wannan tsagar ce ta kashe mata kasuwa, don mai yanka yakan yi asarar rabin nauyin dutse ko fiye ko da lafiyayye ne, balle mai rauni. Irin wannan sai masana'antu, a yi bakin injin huda dutse ko garin goge ƙarfe. Galibin daimon ɗin Akwatia haka yake, ƙanana ne, a tsibi ake yi musu kuɗi. Karat 5 ne giram 1, kuma ƙwaya ɗaya mai karat guda ta fi tarin ƙananan da suka kai nauyinta daraja nesa ba kusa ba.

Ciniki bai yi daɗi ba. Tun dakatar da fitar da daimon ɗin Gana da aka yi a ƙarƙashin yarjejeniyar Kimberley ta cinikin daimon, bisa zargin shigo da na Kwaddibuwa, masu haƙa da yawa suka koma galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage. Ga kuma daimon ɗin da ake ƙerawa da inji ya karya farashi.

Mai karatu, in an kawo maka dutse ana karce gilashi da shi, kar ka zaro kuɗi. Farin dutsen ƙanƙara ma yana karce gilashi. Nemi dillali mai lasisi ya auna maka tukuna.